Yaran da Aka Kai Yaye

Shekarar da na gama hidimar ƙasa, na dawo gida Aliero ba ni da aikin yi sai taya mahaifiyata tsince ruɓaɓɓu daga albasar da mahaifina ya ware ta cin gida, da jiran a buɗe neman gurbin digiri na biyu. Ilimin kiwon lafiyar al'umma na karanta, kuma duk wanda na nemi shawararsa ya gaya mini cewa mai son koyarwa a jami'a sai sunansa ya fito a mujallar ilimi ko da sau ɗaya. Saboda haka da wani malami ɗan Jega, wanda ya taɓa koyar da ni, ya aiko yana neman mace da za ta iya shiga gidajen da maza ba sa shiga, ban tsaya dogon tunani ba.

Aikin ba shi da wuyar fahimta. Akwai wata ma'aikaciyar lafiya da ta kusa ritaya, kowa Hajiya yake ce mata, ita za ta riƙa tara mata masu goyo a wasu ƙauyuka na Jega da Maiyama tana koya musu wanke hannu da sabulu, da rufe abinci, da haɗa ruwan gishiri da sukari idan yaro ya kamu da zawo. Nawa aikin shi ne in bi matan gida gida da takardar tambayoyi kafin a fara koyarwar, in sake komawa bayan wasu watanni in yi musu tambayoyin nan dai. Malam zai gwada amsoshin farko da na ƙarshe, mu rubuta maƙala, mu aika mujalla.

Ni na tsara tambayoyin da Hausa, kuma na yi taka-tsantsan iyakar iyawata. Na karanta wa mahaifiyata su, na karanta wa maƙwabtanmu, na gyara duk inda suka yi jim kafin su amsa. Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ta ci mini kwana biyu. Na san gidajenmu na gandu: idan aka ce wa mace ko yaronta ya yi ciwo, sai ta haɗa da 'ya'yan facalolinta da duk wanda ke cin tuwon tukunyarta, lissafi ya rikice. Don in toshe wannan ƙofa sai na rubuta cewa ana tambaya ne a kan yaron da ke kwana a ɗakinta, ko ya yi zawo a cikin makonni biyun da suka wuce. Amsa biyu na tanada, e ko a'a. Malam ya duba ya yaba, ya ce ga tambaya da ba ta bar wurin zamewa ba.

Zagayen farko da damina muka yi shi, kabu-kabu na kai ni inda mota ba ta shiga. A Fagada na shaƙu da wata yarinyar mace mai fara'a, mai goyon ɗanta na fari. Saboda kunyar ɗan fari ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce "wancan" tana nuna bayanta da haɓa. Yaron yana da cindo, ƙarin yatsa, a hannun hagu, kuma duk zuwana sai ya fizge mini biro. Da aka fara koyarwar, ba ta taɓa fashin darasin Hajiya ba. Ita ce ma ke yi wa sauran dariya idan sun cika gishiri.

Na koma zagaye na biyu bayan an kai hatsi gida, ana cirar irin albasa ana dashe a fadama. Na same ta tana sussuka, bayanta babu kowa.

Na ce, "Ina mutumina mai ƙwace biro?"

Ta ce, "An yaye shi, Malama."

"Kai, barka! Allah shi raya."

"Amin. Na huta da cizo."

Muka yi dariya. Na buɗe takarda na karanta mata tambayar yadda na rubuta ta, kalma bayan kalma, domin an hore mu kada mu ƙara kada mu rage. Ta ce ɗakinta babu mai zawo. Na sa alama a gurbin a'a, na yi mata sallama na shiga gida na gaba. A makonnin nan na yi wa mata da yawa barka da yaye, ban san adadinsu ba, kuma wannan rashin sani shi ne ya zame mini ciwo daga baya.

Da Malam ya haɗa amsoshin, sai ya ga zawo ya ragu sosai tsakanin zagayen biyu. Muka yi murna, Hajiya har da hawaye, ta ce shekarunta nawa tana wannan magana a gindin itatuwa ba wanda ya taɓa auna ko tana da amfani. Rubutun ya ɗauke mu watanni. Masu tantancewa na mujallar suka dawo da shi sau biyu, suna neman a gyara jeri, a ƙara madogara, a rage tsawo. Kowane jadawali sai da na bi shi sau uku da takardun asali a gabana. Na taɓa gano takarda ɗaya da aka shigar sau biyu, na hana kaina sukuni har aka cire ta. A ƙarshe aka karɓi maƙalar. Mu biyar ne marubutanta, sunana na uku, na Hajiya na huɗu. Aka ce mu jira kwafin dubawa na ƙarshe.

Ana cikin wannan jira na raka mahaifiyata barkar haihuwa ƙauyen Kuberi. Bayan mun ci abinci ta ce mu leƙa mu gaida wata tsohuwa da suka yi zaman maƙwabtaka da kakata. Muna zaune a tabarma sai ga yaro ya fito daga bayan rumbu, siriri, ya tsaya yana kallon jakata. Ya miƙo hannun hagu. Na ga cindon.

Na ce, "Inna, wannan ba ɗan Fagada ba ne?"

Ta ce, "Awo, jikana ne, ɗan ɗiyata. Ina kika san mijin nawa? Kar dai ke ma ƙwace mani shi kika zo yi."

Na ce na san mahaifiyarsa, na tambaya ko ziyara ya zo.

"Wace ziyara? Tun da aka kawo shi yaye shina nan. Ɗan fari ai na kaka ne. Kuma da kin gan shi kwanakin da aka kawo shi, da ba ki ce zai tashi ba. Zawo kamar an buɗe rariya, har idanu suka faɗa."

Na tambaye ta yaushe ne. Ta ce ana dashen albasa, domin ta tuna babu namiji ko ɗaya a gida da zai kai su asibiti, duk suna fadama. Na yi lissafi a raina. Lokacin ne nake zaune a tsakar gidan mahaifiyarsa ina sa alama a gurbin a'a.

Na ce, "Me kika ba shi, Inna?"

"Jiƙo na ba shi, na rage mai ruwa, don ruwa shi ke ƙara gudun cikin. Da ya ƙi tsayawa muka samu mai babur."

"Mahaifiyarsa ba ta gaya miki yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari ba?"

Tsohuwar ta dubi mahaifiyata ta kwashe da dariya. "Ji ɗiyar boko! Uwa tana zuwa wurin yaye? In ya gan ta ai an koma gidan jiya. Sai ya manta da nono tukuna. Kuma ni da na haife ta, ita za ta koya mani renon yaro? Wane ɗa aka yaye bai yi zawon yaye ba? Ke ma kin yi, tambayi uwarki."

Mahaifiyata ta ce gaskiya ne, na yi, kuma a hannun kakata na yi shi.

Babu abin da tsohuwar ta faɗa wanda ban sani ba tun ina ƙarama. Na san ana kai yaro gidan kaka a yaye shi, na san uwa ba ta bin sa, na san gidaje da yawa suna jira zafi ya sauka hatsi ya shigo kafin su cire yaro daga nono. Sanin ne ya yi mini yawa har ban gan shi a matsayin abin rubutawa ba. Da baƙuwa ce ta zo daga nesa ta ga mace babu goyo, da ta tambaya ina aka kai yaron. Ni barka na yi. Matan ba su yi mini ƙarya ba, ɗakunansu babu mai zawo, saboda masu zawon suna wasu ƙauyuka a hannun tsofaffin da Hajiya ba ta taɓa koya wa komai ba.

Muna cikin motar komawa saƙon mujallar ya shigo wayata. Kwafin dubawa ya iso, an ba mu kwana uku.

Washegari da hantsi na tafi Jega. Na sami Malam a zauren gidansa yana duba takardun jarrabawa. Na zayyana masa komai a tsaye, sai da ya ce in zauna sau biyu. Ya cire tabarau.

Ya ce, "Yara nawa aka yaye tsakanin zagayen biyu?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe. Ban tanadi gurbin ba."

"Cikin waɗanda aka yaye, nawa aka kai wani gida?"

"Ban sani ba."

"Nawa suka yi zawo a can?"

"Ɗaya na sani."

"To, Malama, mi za mu gaya wa edita? Mu ce wata tsohuwa ta ce?"

Ba da izgili ya faɗa ba. Na ce in koma in sake bin gidajen. Ya tuna mini abin da shi ya koya mini a aji: an kusa shekara, babu uwar da za ta tuna makonni biyu na bara, balle ciwon da ba a gabanta aka yi shi ba, kuma amsar da aka samo ta haka ba ta fi wadda muke da ita inganci ba. Na ce to a janye maƙalar. Ya ce wannan ba hukuncinsa shi kaɗai ba ne. Ɗaya daga cikin marubutan ya riga ya sa ta a takardun neman ƙarin girma. Hajiya kuwa ta gaya wa duk 'ya'yanta.

Ya ce, "Kuma ki lura, ba mu san cewa koyarwar ba ta yi amfani ba. Wataƙila ta yi. Abin da muka rasa shi ne hujjar cewa ta yi kamar yadda muka faɗa."

Na ce, "Ai shi ne dukan maƙalar, ranka ya daɗe."

Ya mayar da tabaransa, ya jawo kwamfuta, ya rubuta wa edita a gabana, bai ɓoye komai ba. Ina yaba masa wannan har yau. Amsa ta zo washegari da la'asar, gajeriya. A wannan mataki kurakuran ɗab'i kawai ake gyarawa. Za a yi mana alfarmar ƙara jimla ɗaya a sashen da ake bayyana gazawar bincike, amma ba za a taɓa jadawali ko taƙaitaccen bayanin da ke saman maƙala ba. In ba mu yarda ba, mu janye, mu sake aikowa daga farko.

Malam ya kira sauran marubutan biyu a waya, dukansu suka ce a ƙara jimlar a wuce wurin. Ni aka bar wa zuwa wurin Hajiya. Na same ta a ɗakin shan magani tana wanke hannu bayan awon ciki. Ta saurare ni har ƙarshe, ta goge hannunta a tawul.

Ta ce, "Ɗiyata, ni ma na ga bayansu babu goyo, ni ma barka na yi musu. Laifin ba naki ke ɗaya ba ne."

"Hajiya, in mun bar ta haka, za a karanta a ɗauka uwa kaɗai ce ke buƙatar darasin."

"In kuka janye ta kuma, za a ce darasin ma ba shi da amfani, a hana mu man babur. Kin san yadda ofis yake. Ni dai ba ni da ilimin mujalla. Abin da kuka ga ya dace ku yi."

Ta faɗi haka tana kallon ƙasa, na kuwa san abin da take so. Ban iya cewa a janye ba. Har yanzu ban tabbata ko tausayinta ne ya hana ni ko son ganin sunana ba, kuma ina jin kowanne ya taka rawarsa.

Saura yini ɗaya, na zauna rubuta jimlar. Na fara da cewa sakamakon ba abin dogaro ba ne, Malam ya ce wannan ya wuce abin da muka sani. Na koma cewa wataƙila an rasa wasu yara, ni kuma na ga wannan bai kai abin da muka sani ba. Na so in ambaci kakanni da jiƙo da rage ruwa, aka ce ba mu tattara bayani a kansu ba, don haka ba mu da ikon faɗa. Abin da ya tsira a ƙarshe shi ne cewa binciken bai bibiyi yaran da aka kai gidajen dangi domin yaye ba, kuma hakan na iya sa raguwar da aka gani ta fi ta haƙiƙa. Kowace kalma a cikin jimlar gaskiya ce. Ta zauna a shafi na kusa da ƙarshe, tsakanin bayani a kan ƙarancin ƙauyukan da aka zaɓa da godiya ga masu unguwanni.

Maƙalar ta fito. 'Yan ajinmu suka yi ta turo mini barka, mahaifina ya sa aka buga masa shafin farko duk da ba ya karanta Turanci, ya ajiye a aljihun babbar rigarsa yana nuna wa abokansa a kasuwar albasa. Na sa ta a takardun neman gurbin karatu, domin babu wata da nake da ita.

Bayan wasu watanni aka gayyace mu wani taro a Maiyama. Wata ƙungiya mai tallafa wa harkar lafiya ta ga maƙalar, tana so a faɗaɗa koyarwar zuwa wasu ƙauyuka. Jami'in da ya zo ya karanta taƙaitaccen bayanin daga wayarsa, aka yi tafi, aka sa Hajiya ta miƙe. Na fahimci iyakar abin da ya gani ke nan, domin sauran shafukan sai an biya mujallar ake buɗe su. Da aka ba da damar tambaya na ɗaga hannu, na yi bayanin yaye a taƙaice, na roƙi a sa kakanni cikin waɗanda za a koyar, a kuma gyara takardar tambayoyin.

Jami'in ya saurara da ladabi, har ya rubuta wani abu. Ya ce magana ce mai kyau, shi ma a gidan kakarsa aka yaye shi, aka yi dariya. Sai dai an riga an amince da tsarin daga sama a kan mata masu goyo, kuma takardar tambayoyin dole a yi amfani da ita yadda aka buga ta, domin ita ce aka tantance, in an canza ta ba za a iya gwada sabon sakamako da na farko ba. Ya ce in rubuto shawarata, za a duba ta a zango na gaba. Na rubuta, na aika, ba a amsa ba.

Suka nemi mai bin gidaje, Hajiya ta ba da sunana, na karɓa. Ranar darasin farko a wani ƙauye bayan Kuberi, mata suka cika rumfar makaranta da goyonsu. Tsofaffi uku da suka rako surukansu suka zauna can gindin dalbejiya suna tsinkar zogale. Na je na durƙusa na gaishe su, na ce su matso su ji. Ɗaya ta ce, "Mu mun gama namu, ɗiyata, ku koya wa masu jini a jika." Na koma wurin rajista.

Aka miƙo mini damin takardun tambayoyi, ga tambayata nan an buga ta fes, da gurabenta biyu. Na sayi fensir, na riƙa ƙara layi ɗaya a gefen kowace takarda: a ina yaron yake kwana yanzu, kuma a hannun wa. A zagaye na biyu layin ya fara cika da sunayen ƙauyuka. Da na kai takardun ofis, ma'aikacin da ke shigar da amsoshi a kwamfuta ya juya ɗaya ya dubi gefenta, ya juya ta biyu.

Ya ce, "Malama, wannan rubutun fensir ɗin fa? Ba shi da gurbi a nan."

Na ce na sani. Na roƙe shi kada ya goge, kuma idan ya gama ya gaya mini inda ake ajiye takardun. Ya ce akwai wani ɗaki a baya da ake tara su, amma mabuɗin ba a hannunsa yake ba.